Sakan Uku

Ni ne na fara dukansa. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya zo daga baya ya ce ma'aikata ne suka fara ni kuma na bi sahu. Ƙarya ne. Ni na fizgi sufana, ƙarfen nan na kwance noti, daga kan teburin Mai Walda, na haye matakalar ƙarfen nan bibbiyu, na tarar da Na-Sama tsaye a ƙofar ɗakinsa na gilashi, na ɗirka masa a gefen fuska. Tabarau ɗinsa ya tarwatse a kan idonsa. Dattijo ne da a shekaru ya haife ni, amma a lokacin ko furfurarsa ban gani ba.

Masana'antar ta niƙa tsofaffin robobi ce. Jarkoki, bokitai, karyayyun kujeru, duk a watsa su cikin bakin wani ƙaton inji mai haƙoran ƙarfe, ya tauna ya tofar da su ɓarɓashi. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa goma sha ɗaya a wurin, kuma shi ke shiga idan injin ya shaƙe ya zaƙulo abin da ya maƙale. Na-Sama shi ke kunnawa da kashewa daga ɗan ɗakin da ke bisa, shi ya sa ake kiransa haka. Daga inda yake zama ba ya hango cikin injin, ga ƙara ba ta barin ka ji ko da ihun wanda ke kusa da kai. A da, igiya suke ja ƙararrawa ta kaɗa a ɗakinsa, sannan ya san an fito.

Ni na kashe igiyar nan. Ina gama karatun kwamfuta Yaya ya ja ni har gaban Manaja, yana ta cika baki wai ƙanensa injiniya ne, sunan kuma ya bi ni. Na dubi igiyar na yi dariya, na ce haba, a wannan zamanin? Na haɗa musu shafi a tsohuwar kwamfutar Na-Sama. Mai shiga inji zai murɗa makulli a ƙofar, shafi ya koma ja, madannin kunnawa ya mutu. Idan ya fito ya zare makullin, shafi ya koma kore, Na-Sama ya danna. Wata bakwai ana haka lafiya lau, kaina kuwa har ya fara kumbura.

Ranar da abin ya faru ina ofishin Manaja ina gyara masa firinta. Injin ya yi shiru, na san Yaya ya shiga. Can sai na ji ya tashi da rugugi, a cikin rugugin kuma wata ƙara da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi irinta ba. Kafin in iso an kashe, mutum huɗu suna janyo shi. Hannunsa na dama babu, daga gwiwar hannu zuwa ƙasa babu komai sai tsumman riga da farin ƙashi, jini yana tsartuwa har kan fuskar masu riƙe da shi. Mai Walda, amininsa tun suna yara, ya cire bel ɗinsa ya ɗaure dantsen yana ja da haƙori. Suka jefa shi a bayan motar kaya aka yi asibiti da shi. Na duba ƙofar injin, ga makulli nan a murɗe, ko taɓa shi ba a yi ba. Nan idona ya rufe, na ɗauki sufana.

Bayan na buge Na-Sama ban ma samu na ƙara ba. Ma'aikata suka hauro suka ja shi ta ƙafa, kansa yana dukan matakala ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Wani da tiyo, wani da guntun katako, wani da takalmin aiki. Ya dunƙule yana kare kai da hannuwa, suna yi masa dukan kawo wuƙa. Ni ma na kutsa na samu haƙarƙarinsa da ƙafa, sau biyu, na ji daɗi kuma, ba zan ɓoye ba.

"Kore ne!" Abin da yake ta faɗa ke nan, jini cike da bakinsa. "Wallahi kore ya nuna mini! Injiniya, ɗana, kore ne!"

"Kar ka sake ce mini ɗanka, tsohon banza!" Na tofa masa yawu. "Shafina ba ya ƙarya. Barci kake yi ko makanta ce ta kama ka?"

Mai Walda ya sa aka ja shi aka wurga cikin sito, ya datse da kwaɗo. Ya je ya naɗe babbar ƙofar masana'anta da sarƙa, ya dawo ya tsaya a tsakiyar fili, rigarsa jiƙe sharkaf da jinin Yaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yana jiran waya daga asibiti, idan aka ce rai ya yi halinsa, to da hannunsa zai saka tsohon nan a bakin injin ya kunna. Ba wanda ya ce masa haba. Manaja tuni ya kulle kansa a ofis yana kiran 'yan sanda, su kuma suna ce masa mota tana hanya.

Maganar tsohon ce ta tsaya mini a wuya. Ba tausayi ba ne ya mayar da ni ɗakin gilashin, so nake in kawo shaida in toshe masa baki a gaban kowa. Kwamfutar tana ajiye rajistar duk abin da ya faru, da minti da sakan. Na share gilasan tabarau daga kan kujera, na zauna na buɗe.

Ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya an murɗa makulli, shafi ya yi ja. Minti takwas shiru. Sai ga shi an sake buɗe shafin, wannan kuwa ni na koya wa Na-Sama, na ce duk lokacin da ya ga kamar ya daskare ya sake buɗewa. Sakan uku bayan haka shafi ya yi kore. Sakan biyu a kai ya danna. Saƙon da ke cewa akwai mutum a ciki bai iso ba sai da injin ya yi sakan huɗu yana juyawa.

Na sake karanta rajistar. Ban buƙaci in nemi dalili ba, na san layin umarnin da ya jawo haka, na san ranar da na rubuta shi.

Shafi ba ya zuwa gaba ɗaya. Gangar jikinsa ke fara isowa, sannan launuka, sannan labarin da inji ya aiko. Manhajar da ake buɗe shafi da ita, burauza, ita ke cewa na gama, komai ya iso, kuma sai ta faɗa madanni ke samun rai. To kowace burauza da yadda take faɗa. Guda uku da na gwada a laftof ɗina duk sun faɗa daidai. Ta kwamfutar Na-Sama kuwa tsohuwa ce tukuf, wani lokaci ta faɗa, wani lokaci ta yi gum, shafi ya tsaya fari fat aiki ya tsaya. Na roƙi Manaja ya sauya kwamfutar ya ce wannan ai ba abin da ta yi. Kwana uku ina fama da ita, ina zaginta kamar tana ji. A rana ta huɗu na gaji, na rubuta layi ɗaya: idan burauza ta yi shiru, a ƙirga sakan uku a ɗauka ta gama. Launin da shafin ke farawa da shi kafin ya ji daga inji kuma kore na sa, don kawai ya fi kyau a ido. Na gwada sau goma, saƙon inji yana isowa cikin sakan ɗaya. Na ce sakan uku ai har da ragi, na rufe laftof na tafi cin abinci.

Me ya jinkirta saƙon a ranar? Wannan ma na sani. A daidai wannan mintin ina ofis ina sauke wata ƙatuwar manhajar firinta, na cinye layin intanet ɗin masana'antar kaf.

Na zauna ina kallon layin da na rubuta. Kalmomi ne da ba su kai goma ba. A duk faɗin masana'antar nan ba mai iya karanta su sai ni, rajistar ma da danni ɗaya za ta ɓace. Wallahi na kai yatsana. Na ce a raina tsoho ne, ya ci zamaninsa, kuma ai shi ya danna, me ya hana shi leƙowa ya tambaya? Na ce Umma fa, ɗa ɗaya babu hannu, ɗayan kuma shi ya cire masa? Ina cikin wannan lissafin na rashin kunya wayar Mai Walda ta yi ƙara a ƙasa.

Matar Yaya ce. Har sama ina jin kukanta ta cikin wayar, ba kalma ko ɗaya da ake ganewa. Mai Walda ya ce, "Ya rasu? Ki yi magana mana, ya rasu?" Ita kuwa sai kururuwa, wayar ta katse. Ya sa ta a aljihu a hankali, ya nufi sito.

Suka fito da Na-Sama ba ya iya tsayuwa. Idonsa na hagu, inda na buga, ya zama wani dunƙulen baƙin jini. Mutum biyu suka ɗaga shi ta hammata suka hau da shi dandamalin bakin injin, Mai Walda ya kama wuyan hannunsa ya miƙar da shi kan haƙoran da jinin Yaya bai gama bushewa a kai ba. Tsohon ya daina roƙo, salati kawai yake yi. Mai Walda ya ɗago kai ya hango ni ta gilashi.

"Injiniya! Ɗan'uwanka ne. Kai za ka danna ko in hauro?"

Ban san lokacin da na fito kan matakala ba. "Ku sake shi! Gaskiya ya faɗa, kore ya gani!"

Hayaniya ta ɓarke. Na fara bayani, burauza, saƙo, sakan uku, ina yi ina jin yadda maganar ke fita kamar ta mahaukaci. Wani ya ce Manaja ne ya saye ni. Wani ya ce zuciyar mata gare ni, na ga jini na karaya. Guntun ƙarfe ya wuce ta gefen kunnena ya daki bango.

"Ba Turanci muka tambaye ka ba," in ji Mai Walda. "Makulli yana jiki. Kai da bakinka ka ce mana in makulli yana jiki ko aljani bai isa ya kunna ba."

"Na faɗa. Ku sauke shi ku sa benci a wurin, ka hauro ka gani da idonka. In ƙarya nake ku haɗa da ni."

Ya saki wuyan hannun da ya kama. Sannan ya ture tsohon gefe, aka cusa dogon bencin da suke zama a kai cikin bakin injin. Ya hauro da nauyinsa duka, matakala tana girgiza, ya damƙi wuyan rigata ta baya ya tsaya a kaina. Warin jini da gumi ya cika ɗakin. Shafi ja wur.

Na sake buɗewa. Ja. Na sake. Ja. Hannunsa ya ƙara matse mini wuya har numfashina yana sarƙewa.

"Ka gama wasan?"

"Saura abu ɗaya."

Na ciro wayata, na hau layin masana'anta, na fara sauke wannan manhajar ta firinta kamar yadda na yi da safe. Na sake buɗe shafin. Fari fat. Na ji bakina yana ƙirgawa da kansa, ɗaya, biyu, uku. Kore ya cika allon, madanni ya kawo haske.

"Leƙa ka ga makulli," na ce.

Ya leƙa. Yana nan a murɗe.

"Danna."

Ya danna da babban yatsansa mai tabon wuta. Injin ya yi gurnani ya kama bencin, ya karya shi biyu, ya haɗiye, ɓaraguzan katako suna fallatsa har kan gilashin da muke ciki. Mutanen ƙasa suka watse da gudu. Sai da bencin ya ƙare tas shafin ya koma ja, yana sanar da mu wai akwai mutum a ciki. Mai Walda ya kashe injin.

"Wa ya sa masa wannan ƙirgen?"

"Ni."

"Ka san zai iya yin haka?"

Na so in ce a'a. "Na san wata rana sakan uku ba za su isa ba. Na ɗauka ranar ba za ta zo ba."

Da fuskata ya fasa allon kwamfutar. Na ji hancina ya karye, na ji haƙori yana yawo a bakina. Ya ɗaga ni ya maka da bango, ya naushe ni a ciki har na amayar da abin da na karya da shi, sannan ya wurgo ni ta matakalar da aka ja tsohon. A ƙasa wasu suka taso, wasu suka tsaya sororo suna kallon hannuwansu, don sun tuna wanda suka gama duka ɗazu. Waɗanda suka taso sun ishe ni. Ban kare kaina ba, ba don jarumta ba, hannuwan ne suka ƙi ɗaguwa. Mai Walda yana dukana yana kuka, yana cewa shi ya raka Yaya ranar da ya saya mini laftof ɗin. Jiniyar 'yan sanda ce ta ɗaga shi daga kaina.

A bayan mota ɗaya aka kwantar da mu, ni da Na-Sama. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya yi nishi. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ban san ko ya ji ba. A asibiti likita ya ce haƙarƙari uku sun karye, za su ɗinke, amma idon hagu ya tafi. Wannan ba taron dangi ba ne, sufanata ce ita kaɗai.

Yaya bai mutu ba. Matarsa ta ga an turo shi daga ɗakin tiyata da guntun hannu a naɗe ne ta ruɗe ta kasa magana. Da aka gama ɗinke mini fuska na fito, na tarar da Umma zaune a kan benci a barandar asibitin, mayafinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya. Tana ganina ta miƙe ta kama kaina da hannu biyu.

"Kai ma? Sun ce kai ka fasa wa azzalumin ido. Allah ya yi maka albarka, ka nuna yayanka yana da ɗan'uwa."

Na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Ban kawo zancen burauza ba, na ce na'urar da na haɗa ce ta ce wa tsohon babu kowa a ciki, kuma na san tana da wannan aibin na bar ta haka saboda na gaji. Ta sa na maimaita. Hannunta yana kaina har na gama, sannan ta janye shi ta goge a zaninta.

"Shi tsohon bai yi komai ba ke nan."

"Bai yi ba, Umma."

Ta koma ta zauna, ta bar fili mai yawa tsakaninmu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce ba ita za ta faɗa wa Yaya ba, ba kuma za ta bari ya ji a bakin ma'aikata ba, ni zan faɗa masa da wannan bakin nawa idan ya farka.

Washegari da hantsi nas ta ce ya farka, mutum biyu za su iya shiga. Umma ta wuce gaba ta tsaya a jikin taga. Yaya yana kwance an jingina shi da filo, ya yi fari, leɓɓansa sun bushe, bargo ya rufe shi har kafaɗa. Ya juyo da kai a hankali ya ga fuskata, hancin a naɗe, ido ɗaya a kumbure, ɗinki har haɓa. Nan take na ga ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran da yake yi tun muna yara idan wani ya taɓa ni a layi.

"Injiniya? Wane ɗan iskan ne ya yi maka haka? Faɗa mini sunansa!"

Ya yunƙura zai tashi, ya kai hannun dama zai dafa katifa kamar yadda ya saba. Ba abin da ya dafa. Ya kifa ta gefen, ƙarfen ƙarin ruwa ya biyo shi, na taro shi a ƙirjina kafin ya kai ƙasa. Yana huci a wuyana, yana ta tambayata wa ya dake ni.

"Faɗa masa," in ji Umma.